Wa Ke Auna Ma'auni? Daga Tiyar Kasuwar Dole Zuwa Matatar Man Damagaram

A ofisoshin manyan kamfanoni akan ga wata takarda cikin gilashi a rataye bayan kujerar darakta, ɗauke da haruffa uku da lambobi huɗu: ISO 9001. Ƴan kasuwa na cin karo da sunanta a jikin kwali da buhu, ma'aikatan gwamnati kuma na tarar da ita cikin takardun masu neman kwangila. Jama'a da dama sun ɗauka hatimin nagartar kaya ce. Abin da take shaidawa bai kai haka ba, kuma ƙarfinta duka ya dogara ne ga wata takarda ta biyu wadda ba safai ake tambayarta ba.

Duk wanda ya taɓa awon hatsi a kasuwar Dole ta Damagaram, ko a wata kasuwar ƙasar Hausa, ya san tiya suna ta tara. Ana cewa tiyar gero kilo biyu da rabi ce, amma akwai tozo, akwai hannun da ma'auniya ke karewa da shi, akwai kuma tsohuwar tiyar da gindinta ya sha bugu har cikinta ya ragu. Malamai sun daɗe suna wa'azi a kan tauye mudu, abin da ke nuna cutar ba ta yau ba ce. Sai dai awon tiya na da magani a kusa: mai saye na tsaye, idonsa na kan ƙwaryar, in bai yarda ba ya matsa rumfa ta gaba. Gani ya kori ji.

Haka cinikin ƙasar nan ya gudana tun zamanin sarakuna. A lokacin Sarki Tanimun, wanda ya riƙe Damagaram daga 1851 zuwa 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, har aka riƙa zuba igwa da haɗa albarushi a cikin gari, ayarin Tarabulus da fataken Kano da na Barno a Zango suke sauka. Baƙon da ya zo da hajja bai san kowa ba, saboda haka mai masaukinsa ke tsaya masa, dillali kuma ya shiga tsakani. In ƙira ta yi gardama ko tufa ta gaza kamu, an san ƙofar gidan da za a buga. Amana a wuyan mutum take, mutumin kuma ana ganinsa a masallaci.

Gyaɗa ce ta fara sauya wannan tsari. Da ta zama uwar arzikin Magarya da Matamaye da Maraɗi, har gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayenta da fitar da ita, sai sikeli ya maye gurbin ƙwarya. Manomi na kallon allura tana rawa, magatakarda na rubutu, mai sayen ƙarshe kuwa yana can Faransa bai taɓa jin sunan ƙauyen ba. Tun daga wannan lokaci tambayar ta taso, ko da ba a furta ta da baki ba: sikelin da ke auna buhu, shi wa ya auna shi?

Lita miliyan uku a yini

A yau babu inda wannan tambaya ta fi nauyi a jihar Damagaram kamar matatar mai ta SORAZ, mai nisan kimanin kilomita 50 arewa da gari, kan hanyar Tanut. An buɗe ta ran 28 ga watan Nuwamba na 2011, bisa rabon kashi 60 cikin ɗari ga kamfanin CNPC na ƙasar Sin, kashi 40 ga gwamnatin Nijar. Ɗanyen mai na iso mata daga Agadem ta bututu mai tsawon sama da kilomita 460, an kuma gina ta don tace ganga dubu 20 a yini, ta fitar da fetur da gazwal da iskar gas ta girki. Ganga ɗaya lita 159 ce, ke nan ana maganar lita miliyan uku da ɗoriya kowace rana in tana aiki da cikakken ƙarfinta.

A irin wannan masana'anta, ko ta wace ƙasa ce, ba mai iya tsayawa ya ƙirga da ido. Na'ura ce ke ƙirga abin da ya shigo ta bututu, na'ura ce ke ƙirga abin da aka ɗura wa motar dakon mai, kuma a kan lambobinta ake lissafin kuɗin mai saye da rabon masu hannun jari da harajin baitulmali. A ɗauka na'urar ta kauce da rabin kashi ɗaya cikin ɗari, abin da ba wanda zai lura da shi a tiya. A lita miliyan uku, wannan ɗan kaucewa lita dubu 15 ne a yini guda, rabin babbar mota, ba tare da kowa ya yi niyyar cutar kowa ba.

Akwai kuma zafi. Fetur na kumbura in ya ɗumama, kusan lita ɗaya cikin dubu ga kowane digiri. Shi ya sa a cinikin mai na sari ake mayar da lissafi kan digiri 15, ko da a wane yanayi aka yi lodi. Motar da aka ɗura wa lita dubu 30 man yana digiri 35, abin da ba baƙo ba ne a bazarar Damagaram, in aka mayar da ita kan digiri 15 za a tarar ta ragu da wajen lita 600. Man bai zube ba, ba a kuma sace shi ba. To amma in ma'aunin zafin da aka tsoma cikin tankin ya yi kuskuren digiri biyu kacal, lita 60 sun sauya ubangiji a mota ɗaya. Direbobi da masu gidajen mai sun san irin gardamar da ke tashi a wurin sauke kaya, kuma sau da yawa tushenta ɗan ƙarfen nan ne da bai kai tsawon kamu ba.

Yawa ke nan, saura nagarta. Kowace matata na da ɗakin gwaje-gwaje da ke duba man kafin ya fita: ƙarfin fetur a cikin inji, nauyinsa, zafin da gazwal ke fara kamawa da wuta, da yawan farar wutar da ke cikinsa. A 2020, lokacin Nijar na cikin ƙungiyar CEDEAO, ƙasashen ƙungiyar sun amince kada farar wuta ta wuce giram 50 a cikin tan ɗaya na mai. A Turai giram 10 ne tun 2009. Ido ba ya ganin giram 50 a cikin tan, hanci ba ya jin sa. Mai saye ba shi da abin riƙewa sai takardar da ɗakin gwajin ya sa wa hannu, kuma in takardar ba abin dogaro ba ce, ciniki ya zama na biri a sama.

Maƙwabta sun ɗanɗana. A watan Fabrairu na 2022 an shigo da fetur Nijeriya daga tashar Anbers ta Beljiyam, ashe an haɗa shi da sinadarin metanol fiye da ƙima. Injuna suka lalace, aka janye man daga kasuwa, layuka suka miƙe makonni a gidajen mai. Jiragen sun zo da takardun gwaji, an kuma sake gwadawa a wurin sauka, amma kamfanin NNPC da kansa ya bayyana cewa neman metanol ba ya cikin jerin abubuwan da aka saba dubawa. Takardun ba su yi ƙarya ba. Abin da aka tambaye su suka amsa.

Abin da takardar farko ke cewa

ISO ƙungiya ce ta hukumomin tsara ƙa'idoji na ƙasashen duniya, an kafa ta a 1947, mazauninta na birnin Janeba. A 1987 ta fito da ƙa'idar ISO 9001, aka sake yi mata gyara a 1994 da 2000 da 2008 da 2015. A ƙididdigar 2022 takardun shaidarta sun haura miliyan ɗaya a duniya. Ita ƙungiyar ba ta ba kowa takarda. Kamfanoni masu zaman kansu irin su AFNOR da Bureau Veritas da SGS ne ke turo masu bincike, su yi ƴan kwanaki a masana'anta, in sun gamsu su ba da shaidar, kuma wanda aka bincika shi ke biyan kuɗin aikin. Wannan shi ake kira certification da Faransanci.

Masu binciken ba sa ɗanɗana taliya, ba sa ja da ƙirgi su ga ko zai yage. Tsarin gida suke dubawa. Suna so su ga ko kamfanin ya san abin da ya alkawarta wa mai saye, ko kowane ma'aikaci ya san aikinsa kuma an horar da shi, ko ana tantance masu kawo ɗanyen kaya, ko za a iya bin sawun kwali ɗaya a gano ranar da aka yi shi da injin da ya fitar da shi. In mai saye ya kawo kuka, suna neman littafin da aka rubuta kukan, da abin da aka yi don kada ya sake faruwa. Masaƙar da ta yi alkawarin atamfa mai araha, ta kuma riƙa fitar da ita iri ɗaya kullum ba tare da saɓa doka ba, tana iya samun takardar daidai da mai saƙa shadda ta alfarma. Saboda haka ne ma aka hana manna tambarin shaidar a jikin kaya. Iyakar abin da aka yarda a rubuta a kwali shi ne cewa tsarin kamfanin ya samu shaida.

Wannan ba raina takardar ba ne. Duk wanda ya san yadda masana'antu da dama suka durƙushe a ƙasar nan bayan rasuwar mai su, ko bayan tafiyar ƙwararre ɗaya da ya riƙe sirrin aiki a kansa, zai gane amfanin a ce aiki na rubuce, ba a cikin kan mutum ɗaya yake ba. Garin da ya ga zamanin SOTRAMIL mai sarrafa gero, yake kuma da majema da masu matse man gyaɗa har gobe, ba ya buƙatar dogon bayani a kan haka.

Cikin sharuɗɗan ƙa'idar akwai guda ɗaya da ya ɗaure sauran. Duk na'urar awon da ake dogara da ita wajen tabbatar da kaya, dole a riƙa gwada ta lokaci zuwa lokaci da wani ma'auni da ya fi ta daidai, a rubuta sakamakon, a manna mata alama mai kwanan wata. In an tarar ta kauce, ba gyara kawai za a yi a wuce ba. Sai an waiwaya an duba kayan da aka riga aka auna da ita tun gwajin baya.

Salsalar kilo

Gwada na'ura da ma'aunin da ya fi ta shi ne étalonnage a bakin ma'aikata, kuma yana tafiya ne kamar salsalar malamai. Sikelin masana'anta ana gwada shi da duwatsun awo na ɗakin gwaji. Su kuma duwatsun an gwada su da na hukumar ƙasa ko na wani ɗakin da ya fi, haka har a kai ga tushe. Tushen yana Sebur, kusa da Paris, a ofishin da yarjejeniyar mita ta 20 ga Mayu 1875 ta kafa. Daga 1889 kilon duniya wani ɗan curin ƙarfe ne mai tsayin milimita 39 da aka kife da murafan gilashi uku a can. Da aka lura shi da kwafe-kwafensa sun fara saɓawa da abin da bai kai nauyin ƙwayar yashi ba, sai ƙasashe suka yi masa ritaya: tun 20 ga Mayu 2019 ana fitar da kilo ne daga wani adadi na kimiyya da ba ya tsatsa, ba ya ɗaukar ƙura. In aka rasa mahaɗi ɗaya a wannan salsala, lambar da sikeli ya nuna ta zama zance marar isnadi.

A nan takarda ta biyu ke shigowa, wadda ake kira accréditation. Kowa na iya sayen duwatsun awo ya buɗe shago ya ce yana gwada sikeli. Ƙa'idar ISO/IEC 17025, wadda ta fito a 1999 aka gyara ta a 2005 da 2017, ita ce ke tantance ɗakin da ya cancanta. Masu binciken da ake turowa ƙwararru ne a fannin. Sukan tsaya a kan ma'aikaci yana aiki, su duba takardun duwatsunsa, su bi lissafinsa. Ana kuma aika wa ɗakuna da yawa abu guda su auna, kowa bai san amsar ɗan'uwansa ba, sannan a kwatanta. An ce wanzami ba ya son jarfa, amma a nan dole ya miƙa fuska.

Abu biyu ke bambanta takardar irin wannan ɗaki da ta shagon bakin hanya. Na farko, ba ta cewa kilo 20 ne cif. Takan ce kilo 20 ne, da yiwuwar kuskuren da bai wuce giram kaza ba, don masana awo sun yarda babu ma'aunin da ba ya kuskure, mai gaskiya shi ne wanda ya san iyakar nasa. Na biyu, amincewar na da iyaka a rubuce. Ɗakin da aka amince wa kan nauyi ba shi da ta cewa kan zafi ko lita, wanda aka amince wa zuwa kilo 20 ba zai shaidi sikelin manyan motoci ba. Yawancin ruɗin da ake yi wa jama'a a wannan gurbi yake: tambarin na gaske ne, amma aikin da aka yi ba ya cikin abin da tambarin ya ƙunsa.

Riƙe irin wannan ɗaki a Damagaram ba ƙaramin aiki ba ne. Gwajin nauyi mai tsanani na son ɗaki mai sanyi ɗaya dare da rana, wajen digiri 20, ba ƙura, ba girgiza. Garin kuwa na haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, hunturu na zuwa da hazo, wutar lantarki na ɗaukewa. Na'urar da aka tura waje don gwaji sai ta bi hanya mai ramuka a dawowa, ta kwana a hannun ƴan duwan, kuma ba tabbas ta iso yadda ta bar can. Yamai kanta tafiyar kusan kilomita 900 ce. Masana'antar da ta gina nata ɗakin ta rage wannan wahala, amma sai ta nuna cewa masu gwajin ba sa karɓar umurni daga masu neman a fitar da kaya da sauri, domin gida ɗaya ne ke awo yake kuma sayarwa.

Hukumomin da ke da alhaki

A ƙarshen 2002 Nijar ta yi dokar da ta kafa tsarin ƙa'idoji da ba da shaida. A 2019 aka kafa hukumar ANMC, wadda ta gaji AVCN, aka ɗora mata tsara ƙa'idojin ƙasa da kula da ma'aunai da shaidar ingancin kaya. Binciken da ma'aikatan hukuma ke yi wa sikelin kanti da famfon gidan mai wani abu ne daban da takardun da aka ambata. Shi tilas ne na doka, su kuwa na ganin dama ne sai in mai saye ya gindaya su. A ƙa'idar ƙungiyar OIML ta ƙasa da ƙasa, kuskuren da aka yafe wa famfon mai rabin kashi ɗaya ne cikin ɗari, wato santilita 10 a cikin lita 20.

Shekaru da yawa duk ɗakin gwajin da ke son amincewa a wannan yanki sai ya gayyato COFRAC ta Faransa, wadda aka kafa a 1994, ko TUNAC ta Tunisiya, ya biya jirgi da masauki da ladan ƙwararru. Shirin inganci na ƙungiyar UEMOA, da aka fara a 2001 da tallafin Tarayyar Turai, shi ya share hanyar kafa SOAC mai mazauni a Abijan, wadda ke tantance ɗakunan gwaji da masu ba da shaida na ƙasashe takwas na ƙungiyar, har da Nijar. Kuɗi ya ragu, tafiya ta gajarta, amma sharuɗɗan su ne dai na ko'ina.

Mai safarar wake da riɗi da fata na iya cewa wannan zancen manyan masana'antu ne. A watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofarta ga busasshen wake daga Nijeriya, saboda an riƙa samun maganin ƙwari na dikulorbos a cikinsa fiye da iyakar da ta sa, wato kashi ɗaya cikin ɗari na miligiram a kilo. Haramcin na shekara guda ne da farko, sai aka yi ta tsawaita shi. Waken Damagaram da yawa Kano yake nufa, kuma abin da ya taɓa farashi a kasuwar Dawanau ba ya daɗewa bai iso Mirya da Magarya ba. Ɗan kasuwar da zai iya nuna sakamakon gwaji daga ɗakin da mai sayen waje ya yarda da shi yana da ƙofar da maƙwabcinsa ba shi da ita.

Shi kuma ma'aikacin da ke buɗe takardun kwangila, karatun minti biyar ya ishe shi. Takardar ISO 9001 ta gaskiya na ɗauke da sunan wanda ya ba da ita, da tambarin hukumar da ta amince da mai bayarwar, da lamba, da wurin da aka bincika, da irin aikin da aka bincika. Sau da yawa shaidar ta hedkwatar kamfani ce a wata ƙasa, reshen da ke neman kwangilar ba ya ciki. Wa'adinta shekara uku ne, ana kuma dawowa bincike kowace shekara, in an tarar tsari ya lalace a dakatar da ita ko a janye. Masu ba da shaidar da hukumomin amincewa na da jerin sunayen waɗanda takardunsu ke aiki, suna kuma amsa wa duk wanda ya tambaya da lambar takardar. Ranar da aka janye shaida, ba wanda ke zuwa ya sauke gilashin daga bangon ofis.